Ranar da Famfo Ya Zubo Kore

Jan Fenti ake ce masa a gari, domin duk rijiyar da ya haramta sai ya shafa mata jan fenti kafin ya ɗana kwaɗo. A ofishin duba-gari shi ne mai kula da rijiyoyi da bohol na masu zaman kansu. A gidan yayarsa kuwa har yau Auta ne, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Bohol ɗin da ya hana shi sukuni a wannan makon na mijin yayar tasa ne.

Layin gajere ne. Shagon mai walda ne a bakinsa, gidan haya mai ɗakuna a jere a tsakiya, sai gidan Mai Bohol a ƙarshe, da baƙin tankinsa bisa ƙarafa da famfuna a jikin katanga inda masu kura ke cika jarkoki. Tun da famfon hukuma ya ƙafe, nan layin ke sha, har da layukan bayansa. Gidan hayar ma na Mai Bohol ne, kuma katanga ɗaya ce ta raba ramin masai na 'yan haya da ɗakin injin ruwa.

Amai da gudawa sun shiga layin. An binne yara uku, ta ƙarshensu 'yar wata mai wanki da ke haya a ɗakin ƙurya. Jan Fenti ya ɗebi ruwan bohol ya kai ɗakin gwaji, aka ce masa akwai bayan gidan mutane a ciki. Ya faɗa wa yayarsa a asirce ta riƙa tafasa na gida. Sannan ya sami mijinta a ƙarƙashin tanki, yana kishingiɗe a benci yana kallon masu kura.

"Auta, ni za ka kawo wa labarin kwalba?" in ji Mai Bohol. "Yaron da na saya wa wandon makaranta na farko, ya fitsare shi a ranar?"

Masu kura suka tuntsire da dariya.

"Babban Yaya, ba ni na faɗa ba. Gwaji ne ya nuna."

"Gwajin wa? Wa ya san abin da ke cikin kwalbar taku kafin ka ɗiba?" Ya tara kofi a famfo ya ɗaga shi a rana. "Kalla. Kamar hawayen jariri."

"Abin da ke ciki ido ba ya ganinsa."

"To abin da ido bai gani ba, ciki ba ya ƙyamarsa. Kawo mini abin da zan gani, ni da hannuna zan kashe injin. In ba haka ba, shiga ciki yayarka ta zuba maka abinci, ka rame."

Doka ta ba Jan Fenti ikon rufe wurin a ranar. Amma ya san abin da ke faruwa da kwaɗon da mutane ba su yarda da shi ba: kafin ya kai bakin titi an ɓalle shi. Kuma a gidan nan ya tashi tun rasuwar mahaifiyarsu. Mutumin nan ne ya kai shi makarantar koyon aikin lafiya a bayan babur, da akwatinsa a kan tankin mai. Bai ga yadda zai shafa wa katangarsa fenti a gaban jama'a da takarda kawai a hannu ba.

Akwai wata dabara a aikinsu. Wani gari ne ja-ja a ɗan gwangwani, wanda in ya taɓa ruwa sai ya koma kore shar. Ba ya cutar da kowa, launi ne kawai. Ana zuba shi a ramin da ake zargi, a jira. In koren ya fito a rijiya, magana ta ƙare, gani ya kori ji. Ƙa'ida ta ce a rufe famfo tukuna, a kuma sanar da masu sha. A ofishinsu ba mai yin haka. Tsohon duba-garin da ya koya musu aiki yakan ce ƙasa ba ta gaggawa: ka zuba yau da safe, ka dawo gobe da kwalba da kwaɗo ka tari launin yana ɗan leƙowa, ka huta da rigimar rufe wuri kafin hujja. Haka kowa ke yi, kuma bai taɓa ba su kunya ba.

Da safe ya shiga gidan haya da gwangwanin a hannu. Mai wanki na zaune gaban baho a tsakar gida, tana cuɗa wata riga ba tare da ta dube ta ba. Ya yi mata gaisuwar rashi, ya ari bokitinta. Ya juye garin a ramin masai, ya kora da ruwa.

"Maganin sauro ne?" ta tambaya da ya dawo da bokitin.

"Gwaji ne, baiwar Allah."

Ba ta ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara bayani ba. Da ya fito, mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya bi shi da ido har ya hau babur.

Rana ta ɗan karkata, yana ofis, wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce. Yana jin hayaniya a bayanta.

"Auta, me ka zuba?"

"Me ya faru, Yaya?"

"Kada ka zo. Ka ji ni? Don girman Allah kada ka zo layin nan."

Ya gane nan take. Ba ƙasa garin ya ratsa ba. Akwai tsaga tsakanin ramin masai da bututun bohol, hanya buɗaɗɗiya, shi ya sa bai jira gobe ba. Abin ya fi yadda ya zata muni, kuma injin yana nan yana ja. Ya jefa kwaɗo a aljihu, ya ɗaura gwangwanin fenti a bayan babur.

Kwatar layin ya fara gani. Tana gudu kore shar, tana ƙyalli a rana kamar an narka gilashi. Jarkoki na kwance a ƙasa bakinsu buɗe. Mata sun fito da tukwane da bokitai suna nuna wa juna. Wata na kuka tana tura wa ɗanta yatsa a maƙogwaro don ya yi amai.

"Ga shi nan!" in ji mai walda. "Shi ne! Da idona na gan shi da gwangwani!"

Bai samu ya kafe babur ɗin ba. Dutse ya same shi a bayan kunne, babur ya kwanta a kan ƙafarsa. Aka janyo shi ta wuyan riga. Ya buɗe baki zai yi magana, wani ya cika masa shi da gwiwa. Daga nan bai ƙara bambance fuskoki ba, sai ƙafafu: silifa, takalmin roba, wata ƙafa tsirara mai faso. Ya dunƙule ya rufe kansa da hannuwa, aka taka yatsun har ya ji biyu sun ƙarye. Wani yana dukansa a haƙarƙari da abin da ya ji kamar sarƙar kura. Can gefe aka buɗe tankin babur ɗinsa aka ƙyasta ashana, zafin ya daki bayansa.

"Ku dakata! Kada ku kashe shi tukuna!"

Guduma ne, babban masu kura, ƙato mai wuya kamar turmi. Shi ya kai jarkar farko gidansa da rana, a cikin ɗaki mai duhu matarsa ta ɗiba ta ba ɗansu, sai da yaron ya shanye ta ga bakinsa kore. Ya kama Jan Fenti ta ƙafa ɗaya ya ja shi a ƙasa har gaban famfunan, ya jingina shi da katanga.

"Me ka ba ɗana? Faɗa mini sunan gubar, in san abin da zan gaya wa likita."

"Ba guba ba ce," in ji Jan Fenti. Muryarsa ta fito a cushe. "Launi ne. Ba abin da launin zai yi masa."

"Launi! Kun ji ɗan iska? Gidan rini ya mai da mu!"

Mai Bohol na tsaye a dokin ƙofarsa, hularsa a karkace. Yayar Jan Fenti tana bayansa, mata biyu sun riƙe ta.

"Ni na raine shi," ya ce wa jama'a. "A kwanona ya ci ya girma. Ya ce ruwana ba kyau, na ce ya kawo shaida, shi ne ya je ya ƙirƙiro ta. Tsintacciyar mage ke nan." Ya juyo. "Auta, in ba guba ba ce, sha mana. Sha mu gani."

"Ya sha! Ya sha!"

Guduma ya tara kofi a famfo. Kofin nan ne na rannan. Ya miƙo shi, koren na rawa a ciki.

Jan Fenti ya dubi kofin da idon da ya rage masa a buɗe. Ya san in ya sha za su sake shi. Za su tsaya su ga bai faɗi ba, su ce ashe ba komai, su watse suna zaginsa. Launin zai wanke kansa, ruwan ya koma kamar hawayen jariri, su ci gaba da sha suna cewa ai duba-gari ma ya sha a gabanmu. Bayan wannan ba fentin da zai zauna a katangar nan, ba kwaɗon da zai kwana.

"Launin ba ya kisa," ya ce. "Ruwan ne ke kisa. Ba zan sha ba."

Ƙarshen maganar kawai suka ji.

Guduma ya watsa masa kofin a fuska, ya bi da mari. "Ku kawo mazurari!" Aka miƙo babban mazurarin ƙarfe da suke ɗura jarka da shi. Mutum biyu suka danne hannuwansa, ɗaya ya zauna masa a cinya, wani ya toshe masa hanci. Ya datse haƙora iya ƙarfinsa. Guduma ya saita bakin mazurarin ya buga da tafin hannu, haƙoran gaba suka tafi. Aka ɗaga jarka.

Ruwan ba shi da wani ɗanɗano, sanyi kawai. Ya haɗiya don ya samu numfashi, ya sake haɗiya. Yana fita ta hancinsa, yana cika masa kunnuwa. Daga nesa yana jin yayarsa tana kiran Auta, Auta, da muryar da take kiransa da ita yana yaro in ya daɗe a waje.

"A masai ya zuba."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, sai da aka maimaita. Mai wanki ce. Ta dawo daga kai kaya, ƙunshin wasu na kanta, bokitinta a hannu. Jama'a suka buɗa mata, don kowa ya san wa ta binne.

"Matsa, baiwar Allah," in ji Guduma. "Ba maganar mata ba ce."

"Ta uwarka ce? Na ce a masai ya zuba. Bai je kusa da tanki ba, bai taɓa famfo ba. Da bokitina ya kora." Ta kifa bokitin ta nuna gindinsa. Kore ne.

"To in a masai ya zuba," in ji Guduma, "ta yaya zai fito a..."

Bai ƙarasa ba. Jarkar ta sauka daga hannunsa a hankali.

Mai walda ne ya fara juyawa. Ya shiga gidan hayar da ƙarfen rodi, mutane suka bi shi. Aka ji ƙarar fasa siminti. Sannan suka fito ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon ɗan'uwansa. Wani tsoho ya dafa katanga ya fara kelaya amai. Matar da ke riƙe da tukunya ta sake ta ƙasa.

"Kore ne," in ji mai walda. "Har ƙasan ramin. Ruwa ba ya tsami banza." Ya tofar da yawu, ya sake tofarwa. "Shekara nawa muna sha?"

"Muna saya," in ji wani. "Saya muke yi."

Duk suka juya wajen dokin ƙofa.

Mai Bohol ya ɗaga hannuwa biyu. "Jama'a, ku tsaya, ni ma ban sani ba, wallahi ban..." Rabin bulo ya same shi a goshi. Hular ta faɗi. Ya juya zai shige gida, aka riga shi ƙofar. Rodin mai walda ya sauka a kafaɗarsa, aka ji ƙashin. Waɗanda suka danne Jan Fenti suka tashi suka bar shi da mazurari a ƙirji. Wani matashi ya hau ƙarafan ya soki tankin da wuƙa, ya sake soka, ruwa ya tsinke a kan kowa, riguna da fuskoki suka koma kore, ba wanda ya kauce. Mai Bohol ya faɗi, ya tashi, ya kutsa tsakanin ƙafafu da rarrafe ya faɗa ɗakin injin, ya janyo ƙofar ƙarfen. Ba ta da sakata ta ciki. Da hannu ɗaya yake riƙe da ita.

"Fetur!" in ji Guduma. "Ku kawo fetur!"

Wasu suka ruga shagon mai walda, wasu suka tsaya fasa famfuna. Ɗakin injin bai fi tsawon mutum biyu daga inda Jan Fenti yake ba. Ya juya ya amayar da abin da zai fita. Ya ja jiki a kan gwiwar hannu. Kwaɗon na nan a aljihunsa. Yatsunsa ba su kama ba, sai da ya haɗa da tafin ɗaya hannun ya zira shi a marfin, ya danna da goshi har ya ji ya ce ƙyas. Ya juya ya zauna, bayansa a jikin ƙofar, makullin a dunƙule cikin tafinsa.

Guduma ya dawo da galan. Ya tsaya.

"Tashi daga nan, malam. Mun yi maka ba daidai ba, na sani. Tashi, ba da kai muke ba yanzu."

"An rufe wurin nan," in ji Jan Fenti. Kalmomin na fita da iska ta gurbin haƙoran. "Hannun hukuma yake. Kai ɗanka asibiti. Ba don launin ba."

"Ba ni makullin."

Yayar ta ƙwace daga masu riƙe da ita. Ɗankwalinta ya tafi, leɓenta a fashe. Ta zo ta tsaya a kan ƙanenta, ƙafa ɗaya kowane gefe, ta dubi galan ɗin.

"Zuba," ta ce. "Mu uku ne. Zuba, ɗan albarka, ai ni na karɓi haihuwar matarka."

Guduma bai zuba ba, bai kuma ajiye ba. Mai wanki ta sunkuya ta buɗe tafin Jan Fenti, ta zare makullin. Guduma ya miƙa mata hannu. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta shiga gidan haya. Da ta fito hannunta wayam.

"Yana ramin," ta ce. "Mai so ya shiga ya ɗauko. Ni dai ba wanda zai sake buɗe ƙofar nan ina raye. Na cikin ma ya ruɓe a ciki, bai dame ni ba."

Har lokacin injin na aiki. Yana ja yana turawa tankin da aka farke, koren na zuba ta ramukan. Jan Fenti ya buga ƙeyarsa a ƙofar.

"Babban Yaya."

Ya ji nishi ta bayan ƙofar.

"Babban Yaya, ka gani yanzu?"

"Na gani."

"To kashe injin. Da hannunka ka ce."

Sannan ƙarar ta mutu, ruwan ya rage, ya koma ɗigo. A cikin shirun ne aka ji jiniyar 'yan sanda daga bakin titi, masu duwatsu suka fara zubar da su a bayan ƙafa. Ta rufi aka fito da Mai Bohol, sai da aka ɗaga kwano biyu. Ba wanda ya taɓa kwaɗon.

Ciwon ya kama Jan Fenti kamar yadda ya sani zai kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, a ɗakin da mutanen layin suke, gadonsa na kallon na ɗan Guduma, wanda ya fara zama yana neman abinci. Guduma kan shigo ya gaida kowa, in ya zo gadon Jan Fenti sai ya dubi ƙasa ya ce sannu malam, ya wuce. Daga ofis aka aiko wani ya shafa fentin, aka kuma aiko da tambaya a kan dalilin da ya sa bai rufe famfo kafin ya zuba gari ba. Ya ce zai amsa in bakinsa ya warke. Motar ruwa ta hukuma ta fara zuwa layin, ba kullum ba.

Yayarsa na ba shi ruwan gishiri da sukari a cokali lokacin da mijinta ya shigo, kansa a naɗe, hannunsa rataye a wuya. Ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana gyaran murya. Sannan ya zaro kwalba daga aljihu ya ɗora a kan bargo.

"Na shiga ta rufin," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗan tayar da injin na ɗiba. Auta, ruwan ya washe. Kalla, ko alamar koren babu. Na ce ko za ka yi musu magana a ofis. Mai walda ya ƙi yanke mini kwaɗon, ɗan banza. In akwai wani makullin a wurinka..."

Jan Fenti ya dubi kwalbar. Tas take, kamar hawayen jariri.

"Makulli ɗaya ne, Babban Yaya, yana cikin ramin," ya ce. "Ka yi haƙuri ka tara kofi. Yadda hanyar nan take a buɗe, ta famfo makullin zai fito maka."

Wata mata a gadon gefe ta yi dariya har ta riƙe ciki. Mai Bohol bai yi ba. Yayar ta ajiye cokalin, ta ɗauki kwalbar da yatsu biyu, ta buɗe ta juye a bokitin da ke ƙarƙashin gado. Sannan ta je ta wanke hannunta da sabulu, ta dawo ta ce wa ƙanenta ya buɗe baki.